Kulob ɗin Masu Sana'a na St Andrews da Filin da Gari Ya Ƙi Saki

 

An nemi in yi magana a kan tarihin wani kulob na wasan golf, wasan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Na san abin da ke zuwa ran yawancinmu da zarar an ambace shi: manyan motoci a bakin ƙofa, shinge da mai gadi, manyan mutane na tafiya a hankali, yaro na biye da su da jaka a kafaɗa. Haka ya zo mana, haka kuwa muka san shi. To amma kulob ɗin da na zaɓo muku yau, kafintoci da magina da tela da mai fenti ne suka kafa shi, a shekarar 1843, a garin St Andrews na ƙasar Sikotland, garin da duniya ta yarda shi ne gidan wannan wasa. Maƙwabcinsa, kulob ɗin manyan mutane da ake kira Royal and Ancient, ya fi shi suna nesa ba kusa ba. Ni dai ƙaramin ne ya ɗauki hankalina, shi da filin da su biyun ke wasa a kai, wanda ba na ko ɗayansu ba ne.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba: ana dukan ƙaramar ƙwallo da sanda daga wani wuri da aka keɓe, a bi ta, a sake duka, har ta faɗa cikin rami mai faɗin santimita 11 ko ƙasa kaɗan. Ramuka 18 ake zagayawa. Wanda ya fi ƙarancin duka shi ya ci. Ke nan abin da wasan ke buƙata tun farko shi ne fili mai tsawo, kuma duk tarihin da zan ba ku a kan fili yake tafiya.

St Andrews ƙaramin gari ne a gaɓar tekun gabashin Sikotland, a yankin Fife, mutanensa ba su kai 20,000 ba. Jami'arsa ta samu takardar amincewa a 1413, ita ce mafi tsufa a ƙasar. A arewa maso yammacin garin akwai wata doguwar ƙasa tsakanin teku da gonaki, rairayi ne da teku ta tara, ciyawa gajeriya ta rufe shi, ga tuddai da kwaruruka, ga sarƙaƙiyar ƙaya mai furen rawaya. Ba ta noma. Iska kuwa ba ta ɗaga mata ƙafa. Saboda manomi ba ya kwaɗayinta, sai ta zama ta kowa, kamar filin bayan gari da muka sani a ƙauyukanmu, inda ake kiwo, ake shanya, samari su yi wasa da yamma. A can ma tumaki ne ke kiwo, mata na wanki a bakin ƙoramar Swilcan suna baza tufafi a kan ciyawa, masunta na busar da koma, mutane na yankar ƙasa mai ciyawa don rufin ɗaki. Ƙaramar gadar dutsen nan da zakarun duniya ke tsayawa a kai a ɗauke su hoto yau, makiyaya ne suka fara tsallaka ta da dabbobinsu.

Rubutu na farko da ya ambaci golf a Sikotland doka ce ta hana shi. A 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta golf da ƙwallon ƙafa, domin samari sun bar koyon harbin kibiya alhali ana zaman doya da manja da Ingila. An sabunta dokar a 1471, aka sake a 1491. Dokar da sai an maimaita ta sau uku, kun san ba a bin ta. Kuma ku lura da waɗanda aka yi dokar dominsu: talakawan da za a ɗiba a kai fagen fama. A 1502, shekarar da aka ƙulla sulhu da Ingila, littafin ma'ajin Sarki James na Huɗu ya nuna an biya wani mai sassaƙa baka na garin Perth kuɗin sandunan wasa na sarki.

Takardar da ta fi muhimmanci a wannan labari ita ce ta 1552. Babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya nemi izinin kiwon zomaye a wani sashe na filin. Aka ba shi, shi kuma ya sa hannu ya tabbatar cewa mutanen gari na da haƙƙin yin golf da ƙwallon ƙafa da harbi da sauran wasanni a wurin, da haƙƙin kiwo da sauran amfanin da suka saba. Mutumin da ya fi kowa ƙarfi a garin ne ya rubuta da hannunsa cewa filin na jama'a ne. Wannan rubutu ya yi wa garin rana daga baya.

Shekara 200 bayan haka, a watan Mayu na 1754, wasu manyan mutane 22, masu sarauta da masu ƙasa da malaman jami'a, suka haɗa kuɗi suka sayi sandar azurfa, za a riƙa gasa a kanta duk shekara. Sun kwaikwayi 'yan wasan Leith na kusa da Edinburgh, waɗanda suka rubuta ƙa'idoji 13 a 1744. A lokacin, wanda ya ci gasar shi ne kyaftin na shekara, sai ya rataya wa sandar ƙwallon azurfa. Wani ɗan kasuwa mai suna William Landale ne ya fara ci. A 1764 suka yanke shawarar da ta bi duniya: filin na da ramuka 11, ana zuwa a dawo a kansu, 22 ke nan, suka ga huɗun farko sun yi gajeru, suka haɗe su suka zama biyu, zagaye ya koma 18. Duk filin golf da kuka gani yau mai ramuka 18, daga wannan zama ya samo lissafinsa. A 1834 Sarki William na Huɗu ya yarda ya zama uban ƙungiyar, ta samu sunan Royal and Ancient, a 1854 kuma aka gina katafaren gidan dutsen nan da ke bayan wurin dukan farko.

Amma kafin nan filin ya kusa salwanta, kuma ina so mu ɗan tsaya a nan. A 1797 bashi ya yi wa majalisar garin katutu, ta sayar da filin. Ta dai sa sharaɗi cewa kada a ɓata wurin wasa. Cikin shekara biyu ya faɗa hannun wasu 'yan kasuwa, Charles Dempster da ɗansa Cathcart, suka mai da shi gonar zomaye don nama da fata. Zomo kuwa aikinsa haƙa. Wurin wasa ya cika da ramuka, ƙwallo na shiga ta ɓace, ciyawa ta lalace. Mutanen gari da 'yan kulob suka kai ƙara, a 1805 babbar kotun Edinburgh ta ba su gaskiya. 'Yan kasuwar suka ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Dattawa ta Landan, shari'a ta yi ta jan ƙafa. Ba kotu ce ta kashe wutar ba a ƙarshe. A 1821 wani mai ƙasa na maƙwabtaka, James Cheape na Strathtyrum, wanda shi ma ɗan wasa ne, ya saye filin ya kori zomayen. Majalisar da aka damƙa wa amanar filin ita ta sayar da shi don ta biya bashinta, kuma sai da aka shafe shekara kusan 100 kafin ya dawo hannun gari. Sa hannu na rana ɗaya ne ya jawo wannan.

A wannan shekara ta 1821 aka haifi Tom Morris, ɗan wani masaƙi na garin. Zan dawo gare shi.

Me ya hana talaka yin wasan sosai a wancan zamani, tun da filin a buɗe yake? Ƙwallo. Bari in bayyana muku yadda ake yin ta. Baduku zai yanka fatar sa ko ta doki gida uku, ya jiƙa, ya ɗinke, ya bar 'yar kafa, ya juya ɗinkin ciki. Sai ya dafa gashin dinya ko na kaza, wanda idan busasshe ne zai cika doguwar hular Turawa, ya riƙa cusa shi ta wannan kafa da wani dogon ƙarfe da yake dannawa da ƙirjinsa. Idan ya gama ya ɗinke kafar. Fata na bushewa tana tsukewa, gashi na bushewa yana kumbura, sai abin ya yi tauri kamar dutse, a shafa masa farin fenti. Ƙwararre ba ya wuce uku ko huɗu a yini. Ƙwallo ɗaya takan fi sanda tsada, kuma idan ta sha ruwan sama ko aka sare ta da bakin ƙarfe, ta fashe ke nan. Saboda haka mai kuɗi ke buga sabuwa, ɗan gari kuwa sai tsohuwar da aka yar ko aka ba shi.

Sarkin wannan sana'a a St Andrews shi ne Allan Robertson, wanda aka haifa a 1815. Gado ya yi. A ɗakin girkin gidansa da ke bakin filin yake aiki da yaransa, a 1844 kaɗai sun yi ƙwallo 2,456. Shi ne kuma ya fi kowa iya wasan a zamaninsa, a 1858 ya zama mutum na farko da ya zagaye filin da duka ƙasa da 80, ya yi 79. Duk da haka, a idon manyan mutanen Royal and Ancient, ɗan dako ne mai ɗaukar musu sanduna, mai yi musu ƙwallo, wanda suke zuba kuɗin caca a kansa idan zai kara da gwanayen Musselburgh. Ba zai zauna teburi ɗaya da su ba.

A cikin wannan hali ne, ranar 29 ga Satumba 1843, mutum 11 masu aikin hannu suka zauna suka kafa ƙungiyarsu, suka kira ta kulob ɗin golf na masu sana'a na St Andrews. A cikinsu akwai George Morris, yayan Tom, wanda ke aikin hidima a gidan wani attajiri. Ba su da gida, ba su da sandar azurfa, ba su da sarki a bayansu. A ɗakunan haya da masaukan baƙi na cikin gari suka riƙa taro, haka suka yi ta yi har farkon ƙarni na 20. Abin da suke da shi shi ne haƙƙin taka filin nan daidai da kowa. Babu wanda za su nemi izininsa. Da a ce filin mallakar kulob ɗin manya ne, da wannan ƙungiya ba ta ko fara ba, don mutum 11 masu cin abinci da guminsu ba za su iya sayen ƙasa mai tsawon mil biyu ba. A 1851 suka sauya suna zuwa St Andrews Golf Club, wato kulob ɗin garin kawai, kuma na ga hikima a wannan: sun ɗauki sunan gari domin su ne garin. Allan Robertson ya yi musu kyaftin, Tom Morris ma ɗan ƙungiyar ne.

Shekara biyar da kafuwarsu sai abin da ya sauya wasan ya iso. A 1848 aka fara yin ƙwallo da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Malaya, gutta-percha, wanda idan aka sa shi a ruwan zafi yakan yi laushi a mulmula shi, ya huce ya yi tauri. Ba ɗinki, ba gashi, ruwa ba ya fasa ta, idan ta lanƙwashe a sake dafawa a gyara. Kuɗinta bai kai rabin na ta gashi ba. Robertson ya ga abincinsa zai ƙare, ya tsane ta, ya hana yaransa taɓa ta. Tom Morris, wanda tun yana saurayi yake koyon sana'a a hannunsa kuma abokin wasansa ne da ba a cika cin su ba, wata rana aka gan shi yana buga sabuwar ƙwallon. Maigida da yaro suka raba gari. Ban ga laifin Robertson ƙwarai ba, mutum ne da ya ga sana'ar kakanninsa na mutuwa a gabansa, kuma daga baya shi ma ya koma yin sabuwar. Amma ga kafinta da magini, wannan ƙaro shi ne ya buɗe ƙofa. A 1852 jirgin ƙasa ya iso garin, baƙi suka fara kwararowa.

Tom ya koma Prestwick a yammacin Sikotland a 1851, ya shimfiɗa musu fili ya riƙa kula da shi. Robertson ya rasu a 1859. Da aka rasa wanda za a ce shi ne gwani bayansa, sai kulob ɗin Prestwick ya shirya gasa a 1860, mutum takwas suka fafata, Willie Park na Musselburgh ya ci. Wannan ita ce gasar Open, mafi tsufa cikin manyan gasannin golf huɗu na duniya. 'Yan dako aka tara a ranar farko, su ne suka iya. Tom ya ci a 1861, 1862, 1864 da 1867. Ɗansa, Tom ƙarami, ya ci a 1868 yana ɗan shekara 17, ya sake a 1869 da 1870, ɗamarar jar fata da ake gasa a kanta ta zama tasa har abada. Ba a yi gasa a 1871 ba, da aka dawo a 1872 ya sake ci. A watan Satumba na 1875 yana wasa a North Berwick aka aiko masa da waya cewa matarsa na naƙuda mai tsanani. Kafin ya iso gida ita da jaririn sun rasu. Shi ma ranar Kirsimeti ta wannan shekara aka same shi ya cika, yana da shekara 24. Kabarinsa na harabar tsohon babban cocin garin, har yau ana ziyarta.

Uban kuwa tun 1864 Royal and Ancient ta kira shi gida, ta ba shi aikin kula da filin a kan fam 50 a shekara. Kayan aikinsa baro ne da shebur. Filin da ya tarar siriri ne, ƙaya ta matse shi ta kowane gefe, masu tafiya da masu dawowa suna gwamuwa. Ya sassare ƙayar ya faɗaɗa hanya, ya gina sabon dandamalin ramin farko da na 18, ya gano cewa idan ana barbaɗa rairayin teku a kan ciyawa takan yi laushi ta yi lif, dabarar da masu kula da filaye ke bi har gobe. Kusan shekara 40 yana wannan aiki, sai a 1903 ya ajiye. A tsakani ana ɗaukarsa zuwa wasu garuruwa ya zana musu fili a kan fam ɗaya a yini da kuɗin mota: Muirfield, Dornoch, Lahinch da County Down a tsibirin Ireland. Wani saurayi daga Dornoch, Donald Ross, ya koyi aiki a wurinsa, ya tafi Amurka ya zana filaye ɗaruruwa, ciki har da shahararren nan na Pinehurst. Tom ya rasu a watan Mayu na 1908, yana da shekara 86, bayan ya faɗo daga matakala a gidan New Golf Club, wani kulob na 'yan gari da aka kafa a 1902.

Ku dubi jerin 'yan garin da suka ci Open a wancan zamani ku ga ko su wane ne. Tom Kidd, ɗan dako, shi ya ci ta 1873, karo na farko da aka yi ta a St Andrews, ladansa fam 11. Bob Martin ya ci a 1876 da 1885. Jack Burns, mai aikin shafen gini, a 1888. Hugh Kirkaldy a 1891. Willie Auchterlonie a 1893, yana ɗan shekara 21, da sandunan da ya sassaƙa da hannunsa. Sandy Herd a 1902. Ƙaramin gari ne ya fitar da waɗannan duka, kuma ba wani sirri a ciki: yaro na fita daga gidan ubansa ya tarar da fili mafi kyau a duniya a ƙarshen layi, ba mai korarsa.

Sai dai kada in yi muku ado da yawa. Jamie Anderson ya ci Open sau uku a jere, 1877, 1878, 1879. Ubansa, wanda ake kira Daw, tsohon ɗan dako ne da ke tura 'yar keken sayar da lemon citta a cikin filin, har yau sunan wannan lemo ne rami na huɗu ke amsawa. Jamie ya rasu a 1905 a gidan gajiyayyu. Zakaran duniya sau uku, a gidan da ake ajiye waɗanda ba su da mai ci da su. Wannan yana ci mini rai duk lokacin da na tuna. Manyan mutane sun ci cacarsu a kan ƙwarewar irin su Jamie, sun yi alfahari da su a wurin liyafa, amma har bayan yaƙin duniya na farko ƙwararren ɗan wasa ba ya shiga zauren yawancin kulob-kulob na Birtaniya. Filin ya daidaita mutane, gidan kulob bai daidaita su ba.

Mata ma haka. Suna kan filin tun farko, har ƙa'idojin Royal and Ancient na tsakiyar ƙarni na 19 sun faɗi abin da za a yi idan ƙwallo ta sauka a kan shanya ko kusa da bahon wanki. Da suka so wasan, a 1867 aka ware musu wani ɗan wuri mai tuddai a gefe, inda ake gangara ƙwallo kawai ba a ɗaga sanda sama, wurin da ake kira Himalayas, kuma ƙungiyarsu na nan har yau. Royal and Ancient ba ta karɓi mace ba sai bayan ƙuri'ar 18 ga Satumba 2014, inda kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka kaɗa suka amince. Shekara 260 ke nan da kafuwarta.

Mu koma kan filin. A 1893 Royal and Ancient ta saye shi daga iyalan Cheape a kan fam 5,000. A nan ne labarin zai iya juyawa ya zama irin wanda muka sani, a kewaye, a sa mai gadi. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba. Majalisarsu, wadda magabatanta suka sayar da filin a 1797, ta tafi majalisar dokoki ta Landan, a 1894 aka yi doka ta musamman da ta mayar da filin hannun gari. Aka yi sulhu: kulob ɗin zai kula da tsohon filin, ya gina sabo da kuɗinsa, wanda aka buɗe a 1895, a ba 'ya'yansa wasu lokuta na musamman, amma mallaka ta gari ce. Har 1913 kowa na wasa a tsohon filin kyauta, baƙo da ɗan gida. 'Yan gari kuwa sun ci gaba da yi kyauta har 1946. Da aka zo rushe majalisun ƙananan garuruwan Sikotland, sai aka yi wata dokar a 1974 ta kafa kwamitin amintattu, St Andrews Links Trust, don kada filin ya narke cikin dukiyar babbar hukuma. Shi ke riƙe da shi yanzu, tare da sauran filayen da aka ƙara, har da Castle da aka buɗe a 2008, na bakwai.

Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai idan na haɗa shi da wani ɓangaren. Daga 1897 Royal and Ancient ce ta riƙa tsara ƙa'idojin wasan, a 1952 ta daidaita su da hukumar golf ta Amurka, kuma hukumar R&A da ta fita daga cikinta a 2004 ita ke da ta cewa a duk duniya in ban da Amurka da Meziko. Ƙungiyar da ke gaya wa duniya yawan sandunan da mutum zai ɗauka, 14, ba ta mallaki ciyawar da ke gaban tagarta ba. Wata hanya ma, Granny Clark's Wynd, ta ratsa tsakiyar ramin farko da na ƙarshe, mutane da motoci na wucewa zuwa bakin teku, 'yan wasa su dakata. Ranar Lahadi kuma, in ba wata babbar gasa ake ƙarewa ba, ba a wasa a tsohon filin sam. Iyalai ne ke yawo a kai da 'ya'yansu da karnukansu.

Mu a nan wasan ta wata ƙofa ya shigo. Turawan haƙar kuza ne suka kafa kulob ɗin Rayfield a Jos a 1913, Ikoyi Club na Legas ya kafu a 1938, na Kano da Kaduna da Zariya duk a unguwannin Turawa suka tashi. Saboda rani ba ya barin ciyawa, sai aka riƙa cakuɗa rairayi da baƙin mai a kewayen rami, yaro na jan buhu yana share sawu bayan kowane mai wasa. Ƙa'idojin St Andrews aka kawo mana, da lissafin ramuka 18, amma ba a kawo takardar 1552 ba. Ɗan ƙasa ya shiga filin ne a matsayin mai ɗaukar jaka. Kuma abin da ya faru a can ya faru a nan: yawancin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga dakon jaka suka fara, suna kallon maigida, suna gwadawa da sandar da suka lanƙwasa da kansu idan ya tafi. Hazaƙar na nan. Ina roƙon shugabannin kulob-kulob da ke cikin wannan zaure su ware wa yaran unguwannin da ke kewaye da su rana da lokaci, su kuma tanadi wani abu don tsufan masu ɗaukar musu jaka. Hukumomi kuma, duk lokacin da aka kawo shawarar yanka wani buɗaɗɗen fili na cikin gari a yi fuloti don a cike giɓin kasafi, a tuna shekarar 1797.

Kulob ɗin masu sana'ar fa? Yana nan da ransa. Ya samu gidansa na farko a farkon ƙarni na 20, a farkon shekarun 1930 kuma ya koma wani gida da ake kira Links House, a bakin hanyar da ta bi gefen rami na 18. Daga tagarsa ana kallon inda Jack Nicklaus ya ci Open a 1970 da 1978, inda Tiger Woods ya ci a 2000 da 2005, inda aka yi gasa ta 150 a 2022. Ba shi da fili nasa, kamar yadda Royal and Ancient da New Golf Club da ƙungiyoyin mata na St Rule da St Regulus ba su da shi. Dukansu a filayen gari suke wasa. Baƙon da ya zo daga Tokyo ko Legas yakan biya kuɗi mai yawa, kuma sau da yawa sai ya shiga ƙuri'ar da ake yi kullum kafin ya samu gurbi a tsohon filin. Mazaunin garin kuwa tikitin shekara yake saya a farashi mai rahusa. Sannan duk watan Satumba ana yin karawa tsakanin Royal and Ancient da 'yan kulob-kulob na gari, mutum ɗaruruwa a yini guda, bibbiyu suna fuskantar bibbiyu, mai sarauta da mai gyaran famfo a rami ɗaya.

Ranka ya daɗe shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.